Abubuwan da ya kamata ka sani game da tsofaffin gine-ginen Sabo ta Badun

A shagon wani mai canjin kuɗi da ke Sabo ta Badun na ga wata kalanda da shekararta ta daɗe da wucewa, amma ba a sauke ta ba, don hoton da ke jikinta. Kogi ne shimfiɗe, a bakinsa ga wani dogon gini mai fukafukai huɗu kamar ƙatuwar fanka, can baya ga hasumiyar coci. Na tambaye shi ina ne nan. Ya ce, "Holand ce, Malam, ƙasar su atamfa." Muna cikin wannan hira ƙura na shigo mana ta ƙofa, domin a bayan shagon leburori ne ke rushe wani tsohon zaure, za a jera shaguna a gurbinsa. Ba wanda ya fita ya ɗauki hotonsa. Ni ma ban ɗauka ba, sai daga baya abin ya dame ni.

Me ya haɗa Sabo da ƙauyukan Holand?

Masu yawon buɗe ido suna tururuwa zuwa ƙauyukan bakin kogi na Holand don kallon abu uku: injin iska, coci da gidan sarauta mai ganuwa. Sai dai waɗanda suka gina su ba don kallo suka gina ba. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar yana ƙasa da bakin teku, idan aka bar ruwa ya yi yadda ya ga dama, gona da gida duk sun tafi. A ƙauyen Kinderdijk, inda kogin Lek ya haɗu da na Noord, akwai injinan iska 19, yawancinsu an gina su a 1738 da 1740. Aikinsu aikin jigo ne, amma a juye: mu a fadama muna ɗebo ruwa daga rafi mu zuba wa lambu, su kuma suna kwashe shi daga gona su mayar wa kogi. Iska ta juya fukafukan, fukafukan su juya wata babbar ƙafa mai cokula, ita kuma ta ɗaga ruwan zuwa magudanar da ta fi tudu. Ko bayan da injinan zamani suka karɓe aikin, da man fetur ya yi wuya a lokacin yaƙin duniya na biyu sai aka sake komawa kansu. A 1997 hukumar UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya.

Gidan sarautar ma haka. Na Loevestein, wanda aka gina a tsakiyar ƙarni na 14 a mahaɗar kogin Maas da na Waal, an kafa shi a nan ne don duk jirgin fatake da zai wuce sai ya biya kuɗin fito. Daga baya ya zama kurkuku, har masanin shari'ar nan Hugo Grotius ya tsere daga cikinsa a 1621, a ɓoye cikin akwatin littattafai. Cocin kuwa sau da yawa a kan tudu yake, ƙararrawarsa na kiran ibada, tana kuma sanar da gobara ko ambaliya.

To wurin sana'a ke nan, da wurin ibada, da wurin iko. Wanda ya shiga Sabo da wannan ido zai tarar da ukun duka: gidan maigida, masallacin Juma'a da fadar sarki. Bambancin shi ne a can an ƙirga su an rubuta, a nan kuwa ba wanda ya taɓa kiran su kayan tarihi.

Yaushe aka kafa unguwar?

A 1916. Hausawa sun riga wannan shekara zama a Badun, suna raɓe a gidajen Yarabawa a tsakiyar gari, wajen kasuwar Oja'ba. Jirgin ƙasa ya iso Badun daga Ikko a 1901, layin ya kai Kano bayan shekara goma, sai baƙi daga Arewa suka ƙaru. Ƙorafi ya yi yawa cewa ɓarayi na fakewa cikin baƙin. Su ma manyan Hausawan suna son wurin da za su san wa ya shigo wa ya fita, ƙarƙashin sarkinsu. Sai aka yanka musu fili a bayan gari na wancan lokaci, kusa da inda ake kira Mokola a yau. Sunan kuwa gutsuren Sabon Gari ne. Abin dariyar shi ne a Kano da Zariya mutanen Kudu ne ke zaune a Sabon Gari, a Badun da Shagamu kuma Bahaushe ne ɗan Sabo.

Yawancin abin da aka rubuta game da farkon unguwar ya fito ne daga wani Baturen bincike, Abner Cohen, wanda ya zauna cikinta a 1962 da 1963, ya fitar da littafinsa a 1969. A ƙidayarsa mutanen Sabo dubu huɗu ne da 'yan kai. Yau gari ya haɗiye ta ta kowace fuska, tana maƙwabtaka da filin wasa na Adamasingba, kuma Bayarabe ya fi sanin ta da abu biyu: canjin dala da tsire.

Gidan maigida, injin da ya juya Sabo

A nan ya kamata a dakata, don shi ne ginin da ya fi kowanne muhimmanci, kuma shi aka fi rainawa.

Arzikin Sabo a kan kaya biyu ya tsaya, shanu na gangarowa daga Arewa, goro na haurawa. Dukansu ba sa jira. Saniyar da ta shiga kurmi ƙudan tsando na jiran ta, in ta daɗe sammore ya kama ta, ta rame, kuɗinta ya zube. Goro kuma ɗan lele ne. A da daga Gwanja fatakenmu ke ɗauko shi a kan jakuna, tafiyar watanni. Da aka fara noma shi sosai a ƙasar Yarabawa a farkon ƙarni na 20, wajen Agege da Shagamu da kewayen Badun, sai hanya ta juyo nan. Sai an ɓare shi, an wanke, an zaɓe, a ware marsa daga minu, a shimfiɗa ganyen fita a kwando, a ɗaure huhu. Bayan 'yan kwanaki a kwance a duba, a tsince wanda sankara ta taɓa kafin ya ɓata sauran, a sauya ganye, a yayyafa ruwa daidai gwargwado. Ruwa ya yi yawa ya ruɓe, ya yi kaɗan ya bushe.

Baƙon da ya zo daga Sakkwato ko Maraɗi da garke, bai jin Yarabanci, bai san mahaucin da ke biyan bashi da wanda ke gudu ba, ina zai dosa? Gidan maigida. Maigida ya ba shi ɗaki, ya ciyar da shi dare da rana, ya haɗa shi da dillalinsa, a kai shanu kara. Mahauta Yarabawa ne, kuma bashi suke ɗauka, sai sun yanka sun sayar su biya. Ba takarda, ba lauya, ba banki. Maigida ne ke tsaya wa bashin: in mahauci ya ci amana, shi zai biya daga aljihunsa, shi kuma mahaucin ba zai ƙara samun ko ɗan maraƙi a kara ba. Daga la'ada maigida ke samun nasa. Cohen ya lissafa shanu kusan 75,000 da ake sayarwa a kasuwar Badun duk shekara a wancan zamani, kuma masu gida kimanin 30 ne ke riƙe da fiye da rabin gidajen unguwar.

Shi ya sa gini a Sabo jari ne tun asali. Yawan ɗakunanka, yawan baƙinka. Kuma gidan ne shaidar cewa ba za ka tattara kuɗin mutane ka gudu da dare ba, domin mai gida goma ba ya ɓacewa. In ka shiga irin wannan gida za ka karanta sana'ar a jikin tsarinsa. Zaure a gaba, inda maigida ke zama da buzu da buta, ana ciniki ana sulhu. Sai jerin ƙananan ɗakunan baƙi, kowanne bai wuce shimfiɗa biyu ba. Sai wani ɗaki mai duhu da sanyi, tagarsa 'yar mitsitsiya can sama, na ajiyar goro. Iyali kuma can ciki, ko ma a wani gida dabam, daga inda ake fito da akussan tuwo a jere. Na taɓa shiga irin wannan ɗakin goro da aka mayar wurin ajiye janareto. An yi shekaru ba a sa huhu ciki ba, amma bangon ƙasar na nan da sanyinsa, ga ƙusoshin da ake rataye igiya, ga wasu 'yan layuka da aka ja da gawayi a bayan ƙofa, biyar biyar, lissafin wani da ya daɗe a ƙasa.

Ba zan yi ƙarya in ce gidajen nan suna da kyan gani ba. Ginin ƙasa ne da rufin kwano mai tsatsa, don soro irin na Kano ba ya jure ruwan kurmi. Wanda ke neman zanko da zanen dagi ya tafi Zariya. Amma injin Kinderdijk ma a idon manomin da ya gina shi famfo ne kawai.

Masallacin da ya raba Juma'a

Shekaru da yawa mutanen Sabo suna tafiya cikin gari su bi Juma'a tare da Yarabawa a babban masallacin Badun. A farkon shekarun 1950 ɗariƙar Tijjaniyya, ta hannun almajiran Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha, ta game unguwar cikin ɗan lokaci, kuma a 1952 Sabo ta tsayar da tata Juma'ar. Yarabawa ba su ji daɗi ba, sun ɗauke shi a matsayin ɓallewa.

Fassarar Cohen ita ce, a daidai lokacin Turawa na shirin tafiya, siyasar jam'iyyu ta shigo, ikon da gwamnati ke ba Sarkin Sabo ya fara sakwarkwacewa. Da unguwar ta narke cikin gari, da cinikin shanu da goro ya suɓuce. Sai ɗariƙa ta zama sabuwar igiya: kowa na da muƙaddami, kowa na zaman wazifa da maraice tare da maƙwabtansa, duk wanda bai zo ba an san bai zo ba. Mutumin da kuke haɗa gwiwa da shi kullum a kan farin ƙyalle, da wuya ya cinye maka kuɗin shanu.

In ka faɗa wa dattijon Sabo haka zai kalle ka ya ce Bature bai san daɗin zikiri ba, don Allah suka shiga. Ni ina ganin ba sai an zaɓi ɗaya ba. Mutum na iya shiga abu da zuciya ɗaya, abin kuma ya yi masa amfanin da bai lissafa ba. Abin da ya shafe mu a nan shi ne masallacin Sabo takardar shaida ce ta ranar da unguwa ta yanke shawarar tsayawa da ƙafarta. Matsalar masallatanmu kuwa, ba a Badun kaɗai ba, ita ce son da muke yi musu shi ke cinye tarihinsu. Duk attajirin da Allah ya buɗa wa, burinsa ya rushe tsohon ya gina sabo da tayil da gilashi, ladan na nan. Ba mai cewa a bar ko bango guda.

Fada ba ganuwa

Sabo ba ta da abin da za a kira gidan yaƙi. Fadar Sarkin Hausawa gida ce cikin gidaje, kuma sarautar tana ƙarƙashin inuwar Olubadan, sarkin Badun. Ƙarfinta a zaure yake: rigimar dillali da baƙo, rabon gado, auren da ya lalace, baƙon da ya mutu ba dangi, yaron da 'yan sanda suka kama. Can Loevestein da ƙarfin makami aka riƙa karɓar kuɗin fito, nan kuwa abin da sarki ke da shi shi ne in ya ce wane ba mutumin kirki ba ne, ba gidan da zai sauke shi.

Garin da ke kewaye

Badun kanta, wadda ta fara a matsayin sansanin yaƙi wajen 1829, ta fi Sabo sa'a, amma ba sosai ba. Ganuwar ƙasar da ta kewaye ta a ƙarni na 19 da wuya ka ga alamarta. Zauren Mapo da aka gama a 1929 yana nan a kan tudunsa da manyan ginshiƙansa. Hasumiyar Bower ta 1936 tana kan dutsen Oke Are, in ka daure wa matsattsiyar matattakalarta za ka ga gari duka, rufin kwano ja har iyakar gani. Cocin Kudeti na tuna zuwan ɗan mishan David Hinderer da matarsa Anna a 1853. Benen Koko na 1965, mai hawa 26, ya ci wuta a 1985 aka gyara shi. Waɗannan duk suna cikin littattafan makaranta da takardun yawon buɗe ido na jihar Oyo. Sabo kuwa, in an ambace ta, to tsire ne.

Ruwa

Badun ba ta ƙasa da teku, amma tana da kogin Ogunpa, wanda ke ratsa gari ba nisa da Mokola. Ya yi ambaliya a 1960 da 1963 da 1978, sannan ta ranar 31 ga Agustan 1980, wadda Yarabawa ke kira Omiyale, wato ruwa ya shigo gida. Ta 26 ga Agustan 2011 ta kashe fiye da mutum 100. Kowane karo dalilan ɗaya ne: gini a kan hanyar ruwa da shara a magudana.

Mutanen Holand ma sun sha tasu, ta 1953 kaɗai ta ci rai 1,836. Abin da suka fi mu da shi ya girmi injinan: tun ƙarni na 13 suke da majalisun ruwa, inda masu gonaki ke zaɓen wakilai, su biya haraji na musamman, kowa da yankin madatsar da zai kula da shi. Ga ginin ƙasa irin na Sabo, ba sai kogi ya tashi ba. Kwatar da ta toshe a lungu ta isa. Ruwa ya kwanta a gindin bango damina biyu, uku, ginin ya jiƙe daga ƙasa, wata rana da asuba a ji rugum.

To me ke cinye su?

Na farko, sana'ar da ta haife su ta ƙaura. Kara ta bar kusa da Sabo tuntuni, ta koma Bodija, yanzu harkar dabbobi ta fi ƙarfi a Akinyele, can arewacin gari, kusa da Moniya inda tashar sabon jirgin ƙasa na 2021 take. Tirela ta maye gurbin kora a ƙasa, waya ta maye gurbin ɗan aike, kuɗi na tafiya ta banki kafin baƙo ya sa takalmi. Ɗakin baƙi ya zama ɗakin haya.

Na biyu, gado. Gidan da mutum ɗaya ya gina yau na jikoki arba'in ne, wasu a Kano, wasu a Ikko. Ba mai sa kuɗinsa ya gyara abin da ba nasa shi kaɗai ba, kuma fili a tsakiyar Badun ya yi tsada. Hanya mafi sauƙi a sayar a raba.

Na uku ya fi zurfi. An ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba, kuma Bahaushen Kudu ya riƙe wannan magana ko da kakansa a Sabo aka yanke masa cibiya, ko da Yarabancinsa ya fi na wasu Yarabawan. Rikicin kasuwar Shasha na watan Fabrairun 2021, inda aka rasa rayuka aka ƙona shaguna da gidaje, ya sake tuna wa mutane dalilin da ya sa in an samu kuɗi ake gina gidan kirki a Arewa. Sai tarihin Sabo ya zama maraya ta fuska biyu: jihar Oyo na ganin na baƙi ne, jihohin Arewa na ganin ba a ƙasarsu yake ba.

Doka ma ba ta kai nan ba. Hukumar kula da gidajen tarihi da kayan tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, an daɗe ana lissafa mata wurare 65 a duk Nijeriya, irin su Gidan Makama na Kano da hasumiyar Gobarau ta Katsina. Holand, wadda jihar Neja ta fi ta faɗin ƙasa, tana da fiye da 60,000 a rajista. Kuma ko shahara ba ta hana rushewa: masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wani sashensa ya rufta kan masallata a watan Agustan 2023.

Abin da za a iya ara

Kada a ɗauka mutanen Holand sun taso da son tsofaffin kaya ne. A ƙarni na 19 suna da injinan iska wajen 10,000, yau saura kimanin 1,200. Sauran sun rushe su da hannunsu, kamar yadda muke yi. Sai a 1923 wasu 'yan ƙasa suka kafa ƙungiyar ceton abin da ya rage, ba gwamnati ba. Daga baya aka samu 'yan sa-kai da ke koyon juya injin a ranakun hutu, don injin da ba ya juyawa ruɓewa yake. A 1973 kuma suka fito da wani tsari mai sauƙi: mai tsohon gini ya biya ɗan kuɗi, ma'aikata su zo da tsani lokaci lokaci, su duba rufi da indararo, su toshe ƙaramar ɓaraka kafin ta girma.

Wannan na ƙarshe ai namu ne. Yaɓen shekara da ake yi wa gida kafin damina, da gayyar da unguwa ke fita, shi ke nan tsarin. Agadas, wadda ta shiga jerin UNESCO a 2013, da irin wannan yaɓe hasumiyarta ta ƙasa ta kai yau.

Ba wanda zai ce a hana magada sayar da gidansu, ko a bar mutane cikin ɗakin da ke yoyo don masu kallo su ji daɗi. Amma gidan maigida guda ɗaya, da zaurensa da ɗakin goronsa, bai fi ƙarfin 'yan canjin Sabo ba in sun haɗa hannu da fada. Kafin nan ma akwai abin da ba ya cin ko sisi: matashi da waya ya bi lungu lungu ya ɗauki hoto, ya zauna da tsofaffin da suka yi dillanci a tsohuwar kara, ya tambaye su gidan wa ke nan, baƙin wane gari ke sauka ciki. Sashen tarihi na jami'ar Badun da reshen ma'ajiyar takardun ƙasa da ke harabarta ba su da nisa, mota ɗaya ce daga Mokola.

Da na koma bayan sati biyu, shagunan sun kai linta. Na tambayi mai kula da aikin ina ƙyauren zauren, wani mai kauri da manyan ƙusoshi da na hanga jingine a bango ran nan. Ya ce, "Ai ka makara, Alhaji. Ƙarfen 'yan gwangwan sun auna, katakon kuma mai tsiren bakin titi ya kwashe."